Ƙaramin wili, ƙaramin birki: Dabarar 'yan tseren mota da ke neman jefa fataken Tamanrasset cikin haɗari

Daga wakilinmu a Tamanrasset

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar masu faci a garin Tamanrasset da ke kudancin Aljeriya ya san cewa akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a tsakanin direbobi, wato gardamar wili, ƙarfen nan da ake ɗaura wa taya, wanda 'yan uwanmu na Nijar ke kira janti. Wani ya ce mai inci 16 shi ne na hamada, wani ya ce ai zamani ya wuce nan. Ana cikin haka sai ka ga wata dalleliyar mota ta faka, wilinta na sheƙi kamar farantin amarya, tayarta siririya kamar an shafa wa ƙarfen baƙin fenti. Mai motar zai fito ya tambayi abu guda: yaya za a yi a cire waɗannan a sa masa ƙanana, irin na motocin tsere?

Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin amsar da wasu bakanikai ke bayarwa tana iya cin rai. Kafin mu kai ga amsar, bari mu koma baya kaɗan, saboda garin nan yana da tsohuwar alaƙa da tseren motoci wadda yaran yanzu ba su sani ba.

Ranar 26 ga Disamba, 1978, motoci da babura 182 suka tashi daga birnin Paris na ƙasar Faransa da nufin zuwa Dakar ta Senegal. Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ne ya shirya gasar, bayan da shi kansa ya ɓata a kan babur a hamadar Tenere a 1977 har aka ceto shi da ƙyar. Ayarin ya tsallako teku zuwa Aljiyas, ya gangaro ta In Salah, ya yada zango a nan Tamanrasset, sannan ya nufi Agadas da Yamai da Gao da Bamako. A cikin 182 ɗin nan, 74 kacal suka ga Dakar ranar 14 ga Janairu, 1979. Daga wannan shekara har zuwa 1988 ta Aljeriya ayarin ke shigowa Afirka, kuma a shekaru da dama nan garin ne masaukinsa kafin ya faɗa ƙasar Nijar. Dattawan unguwar Tahaggart da Sersouf har yanzu suna ba da labarin ƙurar da ake tayarwa da jiragen sama da ke shawagi a kan gari.

A watan Janairun 1982 sunan Tamanrasset ya shiga kowane gidan rediyo na duniya, lokacin da Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Ingila ta wancan zamani, ya ɓata tare da abokan tafiyarsa biyu a cikin mota Peugeot 504 bayan da ƙafar motar ta baya ta lalace. Mahaifinsa da kansa ya sauka a nan garin, suka yi kwana shida a ɓace kafin jirgin sojan Aljeriya ya hango su. Wannan ɗan masu mulki ke nan. Kai da kake ɗauke da dabino da taliya zuwa Arlit, wane jirgi za a tayar dominka?

Motar birni a cikin rairayi

Abin da ya fi jan hankalin masana mota a wancan lokaci shi ne zuwan kamfanin Porsche na Jamus. Motocin wannan kamfani na gudu ne a kan kwalta mai santsi, cikinsu kusan yana shafar ƙasa, ba wanda ya taɓa zaton za su iya taka rairayi. Sai ga shi a 1984 direba René Metge ya ci gasar da Porsche 911 da aka ɗaga ta sama aka mayar da ita mai jan ƙafa huɗu. A 1986 ya sake ci da Porsche 959, wadda a lokacin tana cikin motocin da suka fi kowace gudu a duniya. A wannan shekarar ma ta nan Tamanrasset suka bi, kuma a cikinta ne Sabine ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu kusa da Gourma-Rharous a ƙasar Mali. Abin lura shi ne injiniyoyin ba su ƙara wa motar ƙarfi ba don ta shiga hamada. Rage shi suka yi, daga doki 450 zuwa kimanin 400, saboda man da ake samu a hanya ba shi da kyau.

Har gobe haka lamarin yake. A gasar tseren motoci ta duniya da ake kira WRC, mota guda ce ake shiga da ita kwalta a wannan wata, a shiga da ita burji a wata mai zuwa. Idan kwalta ce, sai a sa mata wili mai inci 18 da faifan birki mai faɗin milimita 370. Idan burji da tsakuwa ne, sai a kwance su a sa wili mai inci 15 da faifai mai milimita 300. Ko a gasar Dakar, wadda aka soke a 2008 bayan kisan wasu Faransawa huɗu a Muritaniya, aka mayar da ita Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya daga 2020, motar Toyota Hilux da Nasser Al-Attiyah ɗan ƙasar Ƙatar ya ci gasar da ita a 2022 da 2023 tayarta tana da tsayin inci 37, amma wilin da ke cikinta inci 17 ne kawai. Sauran duk roba ce da iska. Shi ma kamfanin Porsche da ya fito da wata mota ta sayarwa mai suna 911 Dakar a 2022, guda 2,500, don tunawa da nasarar 1984, ya sa mata injin 911 GTS amma ya rage mata girman wili da inci guda gaba da baya, ya ba ta birkin da bai kai na GTS ba, kuma ya taƙaita gudunta zuwa kilomita 240 a awa.

To me ya sa masu kuɗi da injiniyoyi za su riƙa rage abin da mu muke ganin ado ne?

Ka duba gefen tayarka, za ka ga rubutu kamar 265/70 R16. Lamba ta farko faɗin taya ne a milimita. Ta biyu tana nufin tsayin kumatun taya, daga bakin wili zuwa inda take taka ƙasa, kashi 70 ne cikin ɗari na wancan faɗin. Ta ƙarshe girman wili ne a inci. Idan ka buga lissafi, kumatun wannan taya sun kai santimita 18 da rabi. Taya mai lamba 265/60 R18 kumatunta santimita 16 ne. Mai lamba 265/50 R20 kuwa santimita 13 ne da ɗan ɗori. Dukansu uku idan ka jera su a tsaye tsayinsu kusan ɗaya ne, wajen santimita 77. Bambancin kawai shi ne nawa ne ƙarfe, nawa ne roba.

Waɗannan santimita biyar da ke tsakanin ta farko da ta ƙarshe su ne maganar gaba ɗaya. Ƙasar Ahaggar ƙasar duwatsu ce, baƙaƙe masu kaifi, irin waɗanda aman wuta ya bari tun zamanin da. Wanda ya taɓa hawa Assekrem, kilomita 80 daga gari, ya san abin da nake faɗa. Idan taya ta daki dutse, kumatunta ne ke lanƙwashewa su shanye dukan. In kumatun gajeru ne, sai dutse ya matse robar a jikin bakin wili ya yanka ta kamar almakashi, irin yankan da mai faci zai kalla ya girgiza kai, domin ba a facin gefen taya. In wilin na farin ƙarfe ne irin na ado, shi ma sai ya tsage. Baƙin wili na ƙarfe lanƙwashewa yake yi, a sa guduma a miƙar da shi a ci gaba da tafiya.

A rairayi kuma dabarar kowa ya san ta, wato sace iska. Tayar da ke tafiya da kilo biyu da rabi a kan kwalta, idan aka zo yashi mai laushi sai a sauke ta zuwa kilo ɗaya da ɗan wani abu. Tafinta sai ya ƙara tsawo a ƙasa, nauyin mota ya bazu, ta riƙa tafiya bisa yashi maimakon ta haƙa rami ta zauna. Raƙumi ma da faɗin tafi ya gagari hamada. Amma tayar da kumatunta ba su da tsayi ba ta da abin saukewa. Kana sace mata iska kaɗan wili ya kusa taɓa ƙasa, kana karya sitiyari ta zame daga bakin wilin. Tsofaffin direbobi da suka bi hanyar In Guezzam kafin a shimfiɗa kwalta suna tuna rairayin Laouni, inda gawarwakin motoci suka yi shekaru a zube, yawancinsu irin Peugeot ɗin da Turawa ke korowa don sayarwa a Arlit da Agadas. A wancan zamani ba a tambayar kyan wili. Land Cruiser mai baƙin wili inci 16 da taya 7.50 ita ce sarauniya, kuma har yanzu ƙirar 79 mai buɗaɗɗen baya da wili inci 16 take fitowa.

Inda gizo ke saƙar

Matsalar ita ce birki a cikin wili yake zaune. Akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, akwai kuma muƙamuƙin da ke cije faifan idan ka taka birki, wanda bakanikan Najeriya ke cewa kalifa. Dole wili ya fi su faɗi kafin ya rufe su. Kamfanoni kuwa, da motoci suka ƙara nauyi da gudu, sai suka riƙa ƙara girman faifan. Land Cruiser ƙirar 80 da wili inci 15 ta fara fitowa a 1990, da aka ƙara mata birki a 1992 ta koma inci 16. Ƙirar 200 da ta fito a 2007 faifanta na gaba milimita 340 ne, don haka wili inci 16 ba zai shiga ba ko da za ka kwana kana turawa, sai daga 17 zuwa sama. Akwai kuma maganar ramukan noti: ƙirar 80 shida ne, ƙirar 100 da 200 biyar, ƙirar 300 ta 2021 ta sake komawa shida. Da yawa an sayi wili a kasuwa an kawo gida sannan aka ga ramukan ba su hau ba.

A nan ne bakanike marar tsoron Allah yake samun shiga. Na ga dabaru iri uku da idona. Wani yakan ɗauki injin gurza ƙarfe ya kankare bayan muƙamuƙin birki har sai wilin ya shige. Wani yakan cusa zoben ƙarfe tsakanin wili da ƙafar mota don ya turo wilin waje, a bar noti yana riƙe da 'yan zare uku ko huɗu. Na ukun, wanda ya fi su wayo a baki, yakan cire faifai da muƙamuƙin gaba ɗaya ya ɗauro na wata tsohuwar mota da ba ta kai wannan nauyi ba, ya ce maka ai haka 'yan tsere suke yi.

Gaskiya ne haka suke yi. Abin da ba zai faɗa maka ba shi ne dalilin da ya sa su suke tsira da shi.

Birki ba ya yin komai illa mayar da gudu zuwa zafi. Duk lokacin da ka taka, ƙarfin da ke tura motar gaba yana komawa wuta a jikin faifan, faifan kuma ya sake ta ga iska. Babban faifai ya fi ɗaukar zafi, ya fi saurin hucewa. Motar tseren WRC nauyinta bai wuce kilo 1,200 zuwa 1,300 ba, mutum biyu ne a ciki, ba buhu ko ɗaya. A kan burji kuma, tun kafin birki ya nuna iyakar ƙarfinsa taya ta riga ta fara zamewa a kan tsakuwa, saboda haka babban faifai ba shi da wani amfani a wurin, nauyi ne kawai. Sannan faifan da suke sawa, ko da yake ƙarami ne, an ƙera shi ne musamman tare da muƙamuƙinsa da takalminsa da man da ke jure zafi, ga bututun iska da ke hura shi, ga bakanikai na jira a zango su duba shi sau biyu ko uku a yini.

Yanzu ka dubi taka motar. Da ganga biyu ta mai, da jarkokin ruwa, da buhunan dabino, da katan-katan na madara da taliya, da fasinja a sama, ta haura tan uku da rabi. A gudu ɗaya, zafin da birkinka zai sha ya kusa ninka na motar tsere sau uku. Idan kuma ka ninka gudu, daga 60 zuwa 120, zafin sau huɗu yake ninkuwa. Kuma kai ba a burji kaɗai kake tafiya ba. Daga Tamanrasset zuwa In Guezzam kilomita 400 ne na kwalta, zuwa Aljiyas kusan 2,000, da kwazazzabon Arak a tsakani. A kan kwalta taya tana kama ƙasa sosai, duk aikin sai ya koma kan birki. Ka ga ke nan ɗan tsere yana canza birkinsa idan zai koma kwalta, kai kuwa da wanda aka rage maka za ka hau ta.

Wannan ba a littafi na karanta kawai ba. Shekarun baya na shiga motar wani ɗan kasuwa mutumin Damagaram daga nan za mu kudu. Motar babba ce ta alfarma, ya saye ta hannu, da wili inci 20. A tafiyarsa ta farko taya biyu ya yanka a rana ɗaya, don haka ya kai ta wani gareji aka yi masa dabara ta uku. Yana ta yabon aikin, yana cewa yanzu motar ta zama ta daji. Mun yi lodi har bayan motar ya zauna. Bayan mun bar gari da kamar awa guda, hanya ta yi ta gangara da kwana, direba yana ta taka birki maimakon ya sauke giya. Na fara jin wani wari kamar ana ƙona fata. Muna fitowa daga wata kwana sai ga raƙuma sun tare hanya. Ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka tumatir. Salati kawai muke yi. Allah Ya sa gefen hanyar yashi ne ba dutse ba, ya karkata ya cusa motar ciki ta tsaya. Da muka sauka, hayaƙi ne ke fita daga ƙafafun gaba. Mun fi awa guda a zaune kafin birkin ya dawo, kuma daga nan har In Guezzam da giya muka riƙa tsayawa.

Abin da ya faru shi ne man birki ya tafasa. Man da aka rubuta wa DOT 4, idan sabo ne, sai zafi ya kai digiri 230 kafin ya tafasa. Amma yana shan danshi daga iska, kuma idan ya tsufa yana iya tafasa a digiri 155. Da ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, shi ya sa feda ke nutsewa. Ƙaramin faifai a ƙarƙashin babban lodi, ga man da ba a taɓa canzawa ba tun da aka sayi motar, ai an haɗa wuta da auduga. Akwai wata illar kuma: kamfani ya auna ƙarfin birkin gaba da na baya ne su yi aiki tare. In ka raunana na gaba ka bar na baya, ranar da motar ba ta da lodi ƙafafun baya na iya riga kamewa, bayan motar ya juyo gaba.

Shi kuwa mai kankare muƙamuƙi, ba ni da abin da zan ce masa sai Allah Ya shirye shi. A cikin wannan ƙarfe man birki yake bi da matsi mai tsanani. Naman da ya kankare shi ne ke hana ƙarfen buɗewa. Ba ranar zai tsage ba, sai bayan wata uku a kan gargada.

Ni a ganina, wanda sana'arsa ke kai shi daji ya fara tunanin wili tun ranar sayen mota. Kusan kowace babbar mota tana fitowa hawa-hawa, akwai ta alhazan birni mai babban wili, akwai ta aiki wadda kamfanoni da ƙungiyoyin agaji ke saye, mai baƙin wili ƙarami. Mafi ƙanƙantar wilin da kamfani ya sa wa wannan ƙira a wannan shekara, shi ne iyakarka. In motarka ta zo da 20 kuma 'yar uwarta ta aiki tana da 17, to ka sauka 17 hankali kwance, ka sami ƙarin roba ba tare da ka taɓa birki ba. Bayan an ɗaura, a ɗaga motar a juya tayar da hannu, a leƙa a tabbata akwai sarari tsakanin wili da muƙamuƙi, domin tsakuwa na shiga wurin ta maƙale ta yi ta sassaƙar wilin daga ciki. In kuwa 17 ɗin ma bai ishe ka ba, motar ce ba ta dace da hanyarka ba, ka sayar ka nemi wadda aka yi domin ta. Kada a manta kuma a Aljeriya gwajin lafiyar mota dole ne, kuma a kan na'ura ake auna birki.

Tun da yawancinmu tayar hannu muke saye a Jibiya ko Maigatari ko Ƙonni, ga abu biyu da ya kamata a duba. Bayan lambar girma akwai wata lamba da ke nuna nauyin da tayar za ta iya ɗauka: 112 na nufin kilo 1,120, 121 kuma kilo 1,450. Tayar motar birni da tayar lodi suna iya zama girma ɗaya amma ba ƙarfi ɗaya ba. Sannan a ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Taya tana iya zama da zanenta raɗau alhali robar ta bushe, kuma irin wannan ce ke fashewa da zarar an sace mata iska. Wanda ya sauke iska a yashi kuma ya tabbata yana da famfo da geji a mota. Hawa kwalta da gudu a kan taya mai kilo ɗaya yana dafa kumatunta daga ciki, ba a kai ko'ina take tarwatsewa.

Wani zai ce duk wannan surutu a kan ƙarfe da roba? A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, 33 mata. Yawancinsu mutanen yankin Kance ne a jihar Damagaram, kuma nan Tamanrasset suka nufa. Motocinsu biyu ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa sauran. Daga Assamaka zuwa Arlit kilomita 200 ne da 'yan kai, kuma wanda ya kauce wa babbar hanya zuwa wuraren haƙar zinariya irin su Tchibarakaten yana iya yini bai ga ƙurar wata mota ba. Mai safaya ɗaya da ya yanka taya biyu a irin wannan wuri ya tsaya ke nan.

Mutumin Damagaram ɗin nan mun sake haɗuwa da shi bara a wajen masu nama a kasuwar Assihar, inda hatta Larabawa da Buzaye "mainama" suke kiran gasasshen naman da sunansa na Hausa. Ya ce mini ya mayar wa motar da birkinta na asali ya sayar wa wani ma'aikaci a gari. Yanzu tsohuwar 79 yake ja, da safaya biyu ɗaure a bayanta.